Gargaɗi Ga Masu Babur Mai Kafireta Biyu

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ku sani babur mai kafireta biyu, irin BMW na Jamus, tamkar shanun noma ne: in ɗaya ya rinjayi ɗaya, huɗa ta karkace. A dā bakanike yakan zare wayar fulogi guda, inji na aiki, domin ya saurari ɗaya gefen. Amma a 1981 BMW ya koma akwatin wuta na zamani. Wutar da ta rasa mafita takan ƙone kwayil ko akwatin, dukiya ta salwanta.

Saboda haka kada ku yarje wa bakanike wannan al'ada. Ya ɗumama inji, ya daidaita da ma'aunin zuƙar iska. In tilas ne a kashe gefe guda, ya haɗa wayar da jikin inji. Haza wasalam.