Mu Dasa Lalle A Jarka Mu Kare Wurin Alwalarmu



Wurin alwalar ɗalibai mata a makarantarmu yana kallon hanya. Duk mai wucewa yana ganinmu lokacin da muka cire hijabi za mu shafi kai. Saboda kunya, wasu cikinmu sukan jinkirta azahar har sai sun koma gida. Ra'ayinmu shi ne mu jera tsirrai a jarkoki su zame mana shinge.

Katanga tana buƙatar bulo da siminti, kuɗin kuwa ba yau za su samu ba. Zana kuma gara ce ke cinye ta, iskar farkon damina ta kayar da sauran. Wurin daɓen siminti ne, ba a iya haƙa rami, shi ya sa muka ce jarka.

Ba kowane tsiro zai yi ba. Bini-da-zugu yana zubar da ganye da rani, kuma 'ya'yansa guba ne. Zogale yana tafiya sama ne ya bar ƙasa a buɗe. Lemon tsami ba ya rabuwa da ganye, amma yana da jinkirin girma. Mu dai lalle muka zaɓa. Yana jure zafi, yana kamawa daga reshe, kuma muddin yana samun ruwa ganyensa na nan. Idan ana datse kansa, sai ya yi rassa ya cika.

Aikin ba wuya. A yanke saman tsohuwar jarka mai lita 25, a huda gindinta don kada ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. A haɗa ƙasa da yashi da busasshen taki. A dasa reshen a watan Yuni ko Yuli, ruwan sama ya taya mu reno. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Wasu za su ce ina ruwan ban-ruwa a watan Maris da Afrilu? Gaskiya ne, ƙasar jarka ta fi ta fili saurin bushewa. Amma ruwan alwalarmu kullum a banza yake malala, kuma babu sabulu a cikinsa. Mu tare shi a bokiti, ya isa. Idan dogon hutu ya zo, sai a ɗauke jarkokin a kai kusa da ɗakin baba maigadi.

Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu izini, malamin aikin gona ya ja mana gaba. Kowane aji ya kawo jarka biyu, ya rubuta sunansa a jiki, ya kula da su. Maza ma ku sa hannu, ai ƙannenku ne da yayyenku ke alwala a wurin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.