Malamin Da Ke Cikin Waya Ba Ya Ganin Kafaɗarka

Yau da faɗa na zo, kuma da hannun hagu nake buga wannan rubutu, domin na dama yana hutun dole.

Kamar yawancinmu, nakan shafe sa'o'i a duƙe kan waya ina buga labari, har baya da wuya suka fara yi mini bore. Sai wani abokina ya turo mini bidiyon yoga, salon da ake kira binyasa, wanda a rubutun boko na Turawa da harafin v ake fara shi. Minti arba'in da biyar ne, an yi masa take da manyan baƙaƙe: mai wahala, sai jarumai. Na shimfiɗa darduma a tsakar ɗaki, na jingina waya da tulin littattafai, na bi mai koyarwa sau da ƙafa. A rana ta tara na ji wani abu ya soke ni a gaban kafaɗa kamar an caka tsinke. Ita kuwa ta ci gaba da murmushi tana cewa madalla, kana ƙoƙari.

Laifina ne, ban musa ba. Amma ban yarda ni kaɗai zan ɗauki laifin ba. Kalmar nan "mai wahala" da ake liƙa wa bidiyon binyasa na gida tallar 'yan kasuwa ce, kuma ta ci karo da ma'anar abin da take tallatawa.

Mu da kalmomi ne jarinmu, bari mu fara da kalmar. Binyasa daga harshen Sanskirit ta fito, tana nufin ajiye abu a gurbinsa ta tsari na musamman. A aikace, kowane motsi ana ɗaure shi da numfashi guda: ka ja iska ka ɗaga hannu, ka fitar ka sunkuya. Numfashi ne liman, jiki mamu. Babu inda kalmar ta ambaci gudu, ko gumi, ko ƙona kitse.

Wanda ya shimfiɗa wannan salo a zamaninmu shi ne Tirumalai Krishnamacharya, da ya rayu daga 1888 zuwa 1989. A shekarun 1930 ya koyar a fadar Jaganmohan da ke birnin Mysore a kudancin Indiya, ƙarƙashin kulawar sarkin garin. Ku lura da wannan: yawancin ɗalibansa a lokacin yara maza ne da samari masu laushin gaɓa. Ɗaya daga cikinsu, Pattabhi Jois, yana ɗan shekara 12 ya fara karatu a wurinsa, shi ne kuma daga baya ya yaɗa salon Ashtanga, wanda binyasar yau ta tsiro daga jikinsa. Tsalle da jujjuyawar da ake gani a salon, a jikin irin waɗannan yara aka gwada su. Da Krishnamacharya ya koma Madras a shekarun 1950, ya riƙa karɓar manya da marasa lafiya, sai ya sassauta, yana auna wa kowa gwargwadon shekarunsa da ƙarfinsa. A kan wannan tafarki ɗansa Desikachar ya kafa makaranta a 1976.

Ko a Ashtanga, da ta yi suna wajen tsanani, akwai ladabi. A tsarin da ake kira na Mysore, kowane ɗalibi yana yin nasa da saurin numfashinsa, malami na zagayawa yana kallo, kuma ba a ƙara maka sabon tsayi sai ya ga ka iya na baya. Jeri shida ne. Na farko sunansa Yoga Cikitsa, wato yoga ta jinya. Mutanen da suka gina abin da jinya suka fara, mu kuma da jarumta aka ce mu fara.

Daga baya abin ya tsallaka Amurka, inda a shekarun 1990 aka yi masa sabon suna, Power Yoga, ya shiga gidajen motsa jiki. Da kullen korona na 2020 ya rufe waɗannan gidaje, aji ya koma cikin waya. A can kuwa bidiyo dubu ne ke kokawa kan yatsanka, kuma wanda aka rubuta wa "a hankali, don masu farawa" ba ya burge mai son a ce ya iya. Mai bidiyo ya san haka. Da girman kanmu yake cin abinci.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Akwai gajeren jeri da ake maimaitawa tsakanin tsayi da tsayi: ka miƙe a kan tafin hannu da yatsun ƙafa kamar katako, ka sauko da ƙirji dab da ƙasa gwiwar hannu na manne da haƙarƙari, ka ɗago ƙirji, sannan ka tura ƙugu sama. Saukowar nan ita ake kira caturanga. A darasi mai zafi akan yi ta sau gommai. Na farko da na biyu lafiya lau. Idan gajiya ta shigo, kafaɗa takan zube ƙasa da gwiwar hannu ta murɗo gaba, nauyin jiki ya taru kan jijiyoyin gaban kafaɗa. Wuyan hannu kuma yana lanƙwashe yana ɗauke da kaya, alhali hannun da ya saba da riƙe waya bai taɓa yin dako ba. Malamin da ke tsaye a kanka zai gani ya ce sa gwiwa a ƙasa. Wanda ke cikin waya an ɗauke shi tun bara, bai san kana duniya ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Wasu bidiyoyin sukan ƙare da tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗa, inda nauyi ke sauka kan wuya. Likitoci na gargaɗin masu hawan jini da masu hawan jinin ido game da irin wannan kifewa. Waye ya tambaye ka ko kana da su kafin ka danna?

Na san abin da wasunku za su ce: ina muka ga malamin yoga a unguwarmu, bidiyo kuma kyauta ne, ba gara shi da zaman banza ba? Na yarda motsi ya fi zama, kuma akwai masu koyarwa na kirki a intanet da ke tsayawa su nuna sauƙaƙan hanyoyi. Ba da su nake ba. Amma rashin malami dalili ne na ƙara taka-tsantsan. Wanda zai shiga kogi babu gwani a kusa, bakin gaɓa ya kamata ya tsaya.

Wani zai ce ai a gaban malami ma ana jin ciwo. Gaskiya ne. A watan Janairun 2012 jaridar New York Times ta buga rubutun William Broad kan raunukan yoga, ya tayar da ƙura sosai, masu sana'ar da yawa suka ce ya zuzuta. Ko da ya zuzuta, tambayata ɗaya ce: idan ido biyu na kallo ana iya yin rauni, yaya ke nan idan babu ido ko ɗaya?

Akwai kuma abin da mai talla ba ya faɗa maka. Jerin da ake buɗe yawancin darussan binyasa da shi sunansa Suriya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana, kuma yoga tana da saiwa a addinin Hindu. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, ta malaman Indonesiya kuma a 2009 ta hana wadda ke haɗe da karance-karancen ibada, ta bar ta motsa jiki zalla. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da nake cewa shi ne, mutum na da haƙƙin sanin sunan abin da yake yi da asalinsa, bidiyon da ya ɓoye wannan kuwa ya raina mai kallonsa.

Ga wanda ya bincika ya yanke shawarar yi, ga abin da kafaɗata ta koya mini da tsada. Ka koyi kowane tsayi shi kaɗai kafin ka haɗa su. Ka yi caturanga gwiwa a ƙasa har sai hannu ya yi ƙwari. Ka ajiye wata wayar a gefe ta ɗauke ka, domin abin da kake zaton kana yi daban yake da abin da za ka gani. Kifewa a kan kai, bar shi sai da malami. Mai juna biyu, mai hawan jini da mai tsohon rauni su fara da likita. Ma'auninka numfashi ne: da zarar ya tsinke ka koma haki da baki, binyasa ta ƙare, ko da matar cikin waya tana ci gaba. Danna tsayawa. Jan tsoka daban, sukar gaɓa daban, ta biyun ba a yi mata haƙuri.

Na yi kwana tara ina neman a kira ni jarumi, a ɗakin da babu kowa sai ni da fanka. Yanzu makonni ke nan ba na iya cusa hannu a riga sai da dabara, littafin da nake rubutawa kuma ya tsaya a babi na bakwai. Sannu ba ta hana zuwa. Idan wani ya turo muku irin wannan bidiyo, ku tambaye shi yadda kafaɗarsa take. Allah Ya ba mu lafiya.