Ɗanmu na da bak, amma tiyo ya gagare shi

Makon jiya injin wankin gidanmu ya daina shan ruwa. Ɗana mai takardar bak ya tsaya yana kallonsa kamar baƙo. Mai gyara ya ce jika 15, wai sai an sake bawul ɗin shigar ruwa.

Na cire wuta, na rufe pampo, na kwance tiyo daga bayan injin. A bakin bawul akwai ƴar rariya, rairayi ya toshe ta. Na wanke ta da tsohon buroshin haƙori, ruwa ya shiga. Da a ce rariyar tsab take kuma bawul ya ƙi buɗewa, ko ruwa na shiga alhali injin a kashe, to lallai sai an sake shi.

Malamai, laihinmu ne. Shekara 13 yaro na lakwal, ba mu taɓa miƙa masa sukundireba ba. Iyaye, ku ma kun maida aikin hannu rabon wanda ya faɗi jarrabawa. A Damagaram, inda ake tsayuwar layi da jarka, pampon makaranta na ɗiga dare da rana saboda ƴar roba. Gobe ku kira yaro ya riƙe tiyo.