Sharhi: Wa ke ɗauke da nauyin littafin Hausa a zaurukan intanet?

A ranar 30 ga Nuwamban 2023 ne manhajar OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ta rufe harkokinta. Marubutan Hausa da ke sayar da littattafansu a kanta sun ƙara karkata ga Wattpad da ArewaBooks, amma mafi yawan cinikin yana gudana ne a zaurukan WhatsApp. Mai karatu a Rogo Sabon Gari ko Ƙaraye ba ya bukatar hawa mota zuwa birnin Kano don neman sabon littafi. Shafukan na iske shi a wayarsa.

Sai dai sauƙin ya zo da wata matsala. A zamanin da Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka yi tashe, an san aikin kowa: marubuci ya rubuta, maɗaba'a ta buga, dillali ya rarraba, mai shago ya sayar ko ya ba da haya. Yanzu duk waɗannan sun taru a kan mutum ɗaya, galibi mace. Ita ce mai rubutu da gyara, ita ce mai talla, ita ce mai tantance shaidar biyan kuɗi, kuma ita ce mai raba faɗa a zauren da zai iya ɗaukar mutum 1,024. Shi ya sa labarai da dama ke tsayawa a tsakiya bayan an karɓi kuɗin jama'a, ƙa'idojin rubutu kuma suna shan wahala.

Wasu sun gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsarin Zafafa Biyar, inda marubuta biyar ke haɗa littattafansu su sayar tare, ya nuna cewa ana iya raba nauyin talla da karɓar kuɗi. Abin da ya rage shi ne irin wannan tsari ya game sauran zauruka: a samu mai gyaran rubutu, da ma'aji mai rubuta shiga da fita, da masu kula da zaure da ke da ikon korar mai saɓa doka.

Nauyi mafi girma, duk da haka, yana kan masu karatu. Mutum ɗaya zai biya 'yan ɗaruruwan naira, sannan ya tura littafin zuwa zaurukan kyauta yana ganin alheri ya yi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, ta shafi ayyukan da ke intanet, har ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke abin da aka sace masa. Amma saƙonnin WhatsApp a rufe suke, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba ta ganin abin da ke yawo a ciki. Haka ma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 lokacin da littafi ke kan takarda.

Ke nan tsaron ya koma hannun 'yan zaure da kansu. Duk ɗan kasuwa ya san makomar shagon da kowa ke ɗiba ba mai biya. Idan masu kula da zauruka ba su ɗauki tura littafin kuɗi a matsayin laifin kora ba, marubutan za su ajiye alƙalami, masu karatu kuma su rasa abin karantawa.