Sunan Gona Ake Saya

Jama'a, duk sa'ad da Faransawa suka fitar da sabuwar jar giyar inabi ta gona ɗaya, mukan tofar da yawu mu wuce. Giya haram ce, ba musu. Amma dabarar fa? Gonar Romanée-Conti da ke Burgundi ba ta kai hekta 2 ba, kuma tun 1936 doka ta hana giyar wata gona ɗaukar sunanta. A 2018 an sayi kwalba ɗaya dala 558,000. Suna aka saya! Nijar ta farga, ta yi wa albasar Galmi rajista a 2021. Mu kuwa mun zura ido, Turawa na kiran fatar jar akuyar Sakkwato fatar Maroko. Yaushe za mu farka?