Mai Hawan Giginya Ba Ƙazami Ba Ne

Har yau akwai masu cewa ƙasƙanci gādo ne, wai ɗan mai ƙaramar sana'a ba ya tashi. Tarihin jama'ar Nadar ta kudancin Indiya ya ƙaryata su.

A dā ana kiransu Shanar. Sana'ar da aka san su da ita hawan giginya ce, suna tatsar ruwanta su yi bammi da mazarƙwaila. Inuwar giginya, na nesa ka sha: manya suna cin guminsu, suna kuma kiransu ƙazamai. An hana su shiga manyan haikalin Hindu. A masarautar Travancore an hana matansu rufe ƙirji kamar matan manya. Da waɗanda suka karɓi bishara suka fara sa riga, aka riƙa yage musu a kasuwa, aka ƙone majami'u. Sai a 1859 sarki ya yarda su rufe jikinsu.

Suka rungumi kasuwanci da ilimi. Suka kafa ƙungiyarsu a 1910, da bankinsu a 1921. Kamaraj, ɗansu, ya mulki jihar Madras daga 1954 zuwa 1963. Shiv Nadar ya kafa kamfanin kwamfuta na HCL a 1976. Yau akwai Hindu da Kirista a cikinsu, malamai da attajirai.

To, jininsu ne ya sāke? A'a, ƙofa ce ta buɗe. Ikilisiyar da ke tonon sana'ar kakan saurayi kafin ta ɗaura aure, ta san cewa tana gefen masu yage riga.