Filin 'Yan Mazan Jiya: A Zazzage Buhun Waƙoƙi Har Ƙasa

Duk mai wuni a rumfa ya san babu abokin hira irin akwatin rediyo, domin shi ne ke tare da mai tebur da mai awo da mai sayar da tukwane tun hantsi har la'asar sakaliya. Saboda haka muna da ta cewa a kan abin da ake zuba mana a kunne, balle idan aka zo ga filin da gidajen rediyo kan keɓe wa 'yan mazan jiya, wato tsofaffin sojoji. Abin da aka saba shi ne a sa taken soja, a biyo da waƙar wani babban hafsa, a karanta gaishe-gaishe, a rufe fili. A nawa ra'ayi wannan ya yi kaɗan. Kamata ya yi masu shirya irin wannan fili a Zinder da Mirriya su nemo waƙoƙin yaƙi da na koke waɗanda ba a cika ji ba, kuma mu 'yan kasuwa mu taimaka musu, don da yawan waƙoƙin nan a gidajenmu suke.

Ɗan kasuwa ya san ba a sayen buhun gero da ganin na sama kawai, sai an zura hannu ko an soka an ga na ciki. Waƙoƙin da suka yi fice su ne na saman buhu. Galibinsu an yi su ne don wanda ke da abin bai wa makaɗi, wato sarki ko hafsa ko gwamnati, kuma ba laifin makaɗi ba ne, sana'arsa ke nan. Sai dai ƙaramin soja da ya ɗauki kaya a ka, da matar da ya bari da goyo, da uwar da ta sayar da akuyarta ta yi masa guzuri, ba su da doki ko riga da za su bayar. Idan filin da aka ce nasu ne bai ɗauki muryarsu ba, to ina za ta fito?

Ƙasar Damagaram kuwa ba ta rasa abin tunawa ba. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka ci birni, shi kuma Sarki aka kashe shi a watan Satumba na wannan shekara. A 1906 suka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, masarauta ta zauna babu sarki har 1923. Daga nan aka shiga ɗibar samari zuwa yaƙoƙin da ba namu ba, wato yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da na Indoshin da ya ƙare a 1954, da na Aljeriya da ya ƙare a 1962. Turawa kan kira su sojojin Senegal ko da daga ƙauyen Mirriya aka ɗebo mutum. Waɗanda aka bari a gida su ma ba su huta ba, don aikin tilas bai kau a doka ba sai a watan Afrilu na 1946.

Marigayi Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram da ya rasu a 2002, ya nuna mana abin da waƙa ke iya riƙewa. Waƙarsa ta Bodo, a kan wani jami'in mulkin mallaka da aikin gona na dole da aka sa mutane a shekarun 1940, ta sa har yau ana tuna wannan wahala, alhali takardun ofis na lokacin ba kowa ke iya kai wa gare su ba. A Nijeriya ma Malam Sa'adu Zungur ya rubuta Maraba da Soja don tarbar waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya na biyu. Waɗannan sun yi sa'a, an ɗauke su a faifai ko a takarda. To waɗanda ba su samu wannan gata ba fa?

A nan ne maganar ta zo kan iyayenmu mata. Kowa ya san abin da mace ba ta iya faɗa a gaban mutane takan faɗe shi a bakin dutsen niƙa, ko wajen daka, ko wajen daɓe, ko tana rarrashin yaro. Waƙoƙin aiki sun daɗe suna ɗauke da koken mata, na kishiya da na yunwa da na mijin da ya tafi bai dawo ba. Tsohuwar da ke zaune bayan tulunanta a kasuwar Lahadi ta Mirriya, ko mai daddawa a kasuwar Dole ta Zinder, tana iya riƙe da baiti biyu ko uku da ta ji a bakin kakarta a kan ɗibar soja ko aikin hanya ko kuɗin haraji. Ba wanda ya taɓa tambayarta. Ranar da aka kai ta makwancinta, baitin ya tafi ke nan, ba kuwa ya dawowa. Injin niƙa ya riga ya kashe dutse, waƙar dutsen ma tana bin sa a hankali.

Akwai kuma dalili na kuɗi, wanda mu 'yan kasuwa muka fi kowa ganewa. Labarin 'yan mazan jiya labari ne na bashin da aka ƙi biya. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Tiyaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suka nemi haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. Hukumar soja ta lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suka ce sun kai ɗaruruwa, kuma sai a watan Nuwamba na 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka, wato farashin kaya na hawa, kuɗinsu na nan inda yake. Wani tsohon saje ɗan Senegal mai suna Amadu Diop ya kai ƙara, babbar kotu ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba a daidaita fanshon baki ɗaya ba sai a farkon 2011. Mutumin da aka yi wa haka, idan aka ce a yi masa fili a rediyo, waƙar koke ta fi kusa da zuciyarsa a kan waƙar fareti.

Na san akwai masu cewa wannan tonon silili ne, a bar kaza cikin gashinta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin ba duk raunukan ne Bature ya yi mana ba. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ƙarfinta ke wajen ƙananan 'yan kasuwa da direbobi da leburori, Zinder kuma na cikin manyan cibiyoyinta, an haramta ta a 1959, 'ya'yanta suka ɗauki makami a 1964, aka kama na kamawa, aka kashe na kashewa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. A shekarun 1990 an yi tawaye a arewa, lokacin da kaset ɗin masu jita irin su Abdallah Oumbadougou ke yawo a ɓoye, har aka sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. A duk waɗannan, mai bindiga da wanda aka harba 'yan ƙasa ɗaya ne, wani lokaci ma 'yan unguwa ɗaya.

Amsata ita ce, tun da sojojin Faransa suka fice a Disamba 2023, waƙar sukar Bature ta zama kaya mai arha, kowa na iya sa ta ba tare da fargaba ba. Gwajin gaskiyar mai fili shi ne ya iya sa waƙar da ke kuka da namu. Ƙasar da ta mayar da ranar sulhun 1995 ranar hutu, ta kuma mayar da 13 ga Mayu ranar mata saboda jerin gwanon da mata suka yi a Yamai a 1991, bai kamata ta ji tsoron waƙoƙin waɗancan kwanaki ba. Tsohon soja ma talaka ne, yana cin kasuwa da mu, yana karɓar bashin hatsi a wajenmu kafin fansho ya fito. Ya san koke fiye da mai yi masa kara.

Sai dai zaɓe yana son ka'ida, ga kuwa abin da nake ba da shawara. Na farko, kowace waƙa a san asalinta, wa ya yi ta, a wane gari, a kan wane lamari, kuma mai gabatarwa ya yi bayani kafin ya sa ta, don yaran yanzu ba su san Bodo ba balle Kazamaju. Na biyu, a bambance koke da zambo. Waƙar da ke faɗin zaluncin da aka yi a sa ta, wadda ke zagin wata ƙabila ko tona asirin gidan da jikokinsa ke raye a ajiye ta. Na uku, su 'yan mazan jiyan da matan mamatansu su zauna cikin masu zaɓe, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma su ne suka san wadda suka rera a bariki da wadda aka ƙaga daga baya. Na huɗu, kada a tsaya ga Hausa kaɗai, a sa ta Barebari da ta Fulani da ta Buzaye da ta Zabarmawa, tunda a bariki tukunya ɗaya suka ci. Na biyar, a ambaci sunan wadda ta kawo waƙa idan ta yarda, a kuma ba ta ɗan hasafi. Wanda ya san zafin a ɗauki kayansa ba a biya ba, bai kamata ya yarda a yi wa tsohuwa haka ba.

Kada kuma a ɗauka 'yan mazan jiya sai masu furfura. An rasa sojoji 71 a Inates a Disamba 2019, aka rasa 89 a Shinagodar a Janairu 2020, ban da waɗanda suka kwanta dama a yankin Diffa tun daga 2015. Sun bar mata da marayu, wasu matan nan kuwa ƙosai da ƙuli-ƙuli suke sayarwa a gefenmu don su ciyar da 'ya'yansu. A buɗe musu fili su zaɓi waƙar da suke so a sa wa mazajensu, ko da ba ta taɓa shiga rediyo ba.

Su ma'aikatan rediyo, akwai inda za su fara. Gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel, ya daɗe yana ɗaukar makaɗa, haka cibiyar CELHTO da ta IRSH a Yamai suna ajiye da muryoyin mutanen da. Amma babban rumbu yana hannunmu. Mai tsohon kaset a ƙasan adaka ya fito da shi kafin zafi da ƙura su cinye zaren. Yarinyar da ke da wayar salula ta zauna da kakarta bayan sallar isha'i ta ɗauki muryarta, ta tambaye ta a bakin wa ta ji. Alhazan da ke biyan kuɗin tallar shinkafa da atamfa su ware wani abu su ɗauki nauyin filin, da sharaɗin a kowane mako a sa aƙalla waƙa ɗaya da ba a taɓa sawa ba. Sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata masu adashi za su iya tattara sunayen tsofaffin da suka iya, a kai wa gidan rediyo. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san tulun da take ciki.

Allah Ya jiƙan mazan da suka kwanta dama, Ya raya abin da suka bari, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.